Tambaya da Amsa: Da Wane Ma'auni Ake Auna Shirin Koya wa Matasa Shugabanci?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu a kan shirye-shiryen horar da matasan Afirka shugabanci. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, ba tare da mun sauya ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Ni ma'aikaci ne a wata ƙaramar ƙungiya a Kaduna da ta shekara uku tana horar da matasa shugabanci, mutum talatin a kowace shekara. Masu ba mu tallafi sun ce sai mun kawo hujjar cewa shirin yana da amfani kafin su sabunta mana. Abin da muke da shi shi ne fom ɗin da mahalarta suke cikawa ranar rufe taro, wanda kusan kowa ya ce ya gamsu, sai kuma labarin mutum biyar da suka zama wani abu bayan sun bar mu. Shin wannan bai isa ba?

AMSA: Malam, bai isa ba, kuma gara ka ji haka daga gare ni tun yanzu da ka ji daga bakin masu tallafin bayan ka miƙa rahoto.

Bari in fara da fom ɗin ranar rufe taro, domin na sha zama a zauren da ake raba shi. Galibi bayan cin abincin rana ake rabawa, an riga an ɗauki hoton tarihi, takardun shaida suna jere a kan tebur, can bakin ƙofa kuma ga jami'in kuɗi riƙe da takardar da za a sa hannu a karɓi kuɗin mota. A wannan hali ne ake tambayar matashi ko ya gamsu da horon da aka ba shi. Wanda aka sauke a otal kwana biyar, aka ci da shi aka shayar da shi, da wuya ya ɗauki biro ya rubuta wa mai masaukinsa cewa ɓata lokaci aka yi, ko don kunya ma ba zai yi ba. Na taɓa ganin wani saurayi da ya yi ta gyangyaɗi tun daga ranar farko har ta ƙarshe, amma da fom ya zo hannunsa sai ya ba kowane darasi maki mafi girma, ya kuma ƙara da doguwar addu'a a ƙasan takarda. Godiya yake yi, kuma godiyar ce fom ɗin ya auna. Tun a 1959 wani masani ɗan Amurka, Donald Kirkpatrick, ya kasa auna horo zuwa matakai huɗu, kuma har yau ana aiki da rabon nasa: yadda mahalarta suka ji da horon, abin da suka koya, abin da ya sauya a aikinsu bayan sun koma gida, da sakamakon da sauyin ya haifar a wurin da suke jagoranta. Fom ɗinku a mataki na farko ya tsaya, masu tallafi kuwa na uku da na huɗu suke tambaya.

Labarin mutum biyar ɗin ya fi fom nauyi, sai dai akwai rami a gabansa, kuma manyan shirye-shirye masu miliyoyin daloli ma suna faɗawa cikinsa. Ka tuna yadda kuka zaɓi mutum talatin ɗin nan. Kun nemi wanda ya riga ya kafa ƙungiya a unguwarsu, wanda ba ya rawar murya a gaban jama'a, wanda ya iya rubuta takardar neman shiga mai ma'ana. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ku kuwa waɗanda Larabarsu ta yi kyau kuka tsince. Idan ɗayansu ya zama kansila bayan shekara biyu, tambayar da mai auna tasiri zai yi ita ce, da bai shiga shirinku ba, ina zai kasance a yau? In amsar ita ce wataƙila kansilan zai zama ko da ku ko babu ku, to abin da kuka tabbatar shi ne kun iya zaɓe. Iya zaɓe gwaninta ce, amma horo aka ba ku kuɗi ku yi. Sannan biyar ne daga cikin casa'in, kuma mai karanta rahotonku yana da haƙƙin ya tambayi labarin sauran tamanin da biyar.

Tun da ba a iya mayar da lokaci baya a ga mutum ɗaya ya bi hanya biyu, dabarar ita ce a nemo masa takwara, wato wanda ya yi kama da shi ta kowace fuska in ban da cewa bai samu shiga ba. An taɓa yin haka a Najeriya, kuma an yi shi da kyau. A gasar YouWiN da gwamnatin tarayya ta fara a 2011, matasa kusan 24,000 suka nemi tallafin kasuwanci, aka ba mutum 1,200. Daga cikin waɗanda suka kai zagayen kusa da na ƙarshe, an ware mutum sama da 1,800 da cancantarsu ta yi kusa da juna, aka zaɓi sama da 700 daga cikinsu ta hanyar ƙuri'a, kowanne ya samu kimanin dala 50,000. Daga nan David McKenzie, masanin tattalin arziki a Bankin Duniya, ya bi diddigin rukunonin biyu shekara da shekaru, ya tarar cewa a cikin kowane mutum 100, waɗanda suka kafa kamfani mai ma'aikata goma ko fiye a rukunin da ƙuri'a ta faɗa wa sun ɗara na ɗaya rukunin da sama da mutum 20. Da yake ƙuri'a ce ta raba su, ba wanda zai ce dama can waɗanda suka ci ɗin sun fi ƙwazo. Wani abu kuma da binciken da ya biyo baya ya nuna, wanda ya kamata duk mai zama a kwamitin tantancewa ya yi wa kansa wa'azi da shi, shi ne makin da alƙalan gasar suka ba masu nema bai taimaka sosai wajen hango wanda zai yi nasara ba.

Za ka ce wannan kasuwanci ne, riba da yawan ma'aikata suna ƙirguwa, shugabanci kuwa ba ya hawa sikeli. Gaskiya ne, shi ya sa aikinku na farko shi ne ku zauna ku rubuta, tun kafin a fara horo, abin da ido zai iya gani idan horon ya kama. "Ya zama mai hangen nesa" ba abin aunawa ba ne. Amma ana iya bincika ko yana kiran taron ƙungiyarsa a kan lokaci a kuma rubuta abin da aka yanke, ko yana karanta lissafin kuɗi a gaban mambobi ba sai an tsare shi ba, ko ya taɓa sasanta rikici har ɓangarorin biyu suka ci gaba da zama tare, ko ya sauka ya miƙa wa wani da wa'adinsa ya cika. Kada kuma ku tsaya ga tambayarsa shi kaɗai, domin kowa gwani ne a bakin kansa. Ku tambayi sakataren ƙungiyar, da ma'aji, da mambobi biyu ko uku da ba shi ya zaɓo muku su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, waɗanda ake jagoranta su suka san irin jagoran da aka dawo musu da shi.

Game da shekaru ukun da suka wuce, ku tono jerin sunayen masu nema. Waɗanda suka zo na talatin da ɗaya zuwa na sittin a kowace shekara su ne mafi kusa da takwarorin mutanenku, ku yi musu tambayoyi iri ɗaya da na waɗanda kuka horar. A nan za ku gamu da matsalar da ke lalata yawancin rahotanni: wanda al'amura suka yi wa kyau shi ne ke saurin ɗaga waya, wanda ya koma zaman kashe wando kuwa ko lambarsa ta sauya ko ya ƙi amsawa. Saboda haka ku faɗi a fili mutum nawa kuka nema, nawa kuka samu, kuma daga bana ku riƙa karɓar lambar wani ɗan'uwa ko biyu na kowane mai nema. Mutum casa'in ba su kai yawan da lissafi zai yanke hukunci a kansu ba, wannan ma ku rubuta shi. Mai tallafin da ya san aikinsa ya fi amincewa da rahoton da ya faɗi iyakarsa.

TAMBAYA: Na kammala digiri bara a Zariya, ina kuma jagorantar wata ƙungiyar 'yan mata masu koyar da yara karatu a ƙarshen mako. An turo mini saƙo cewa an zaɓe ni cikin "fitattun shugabannin matasan Afirka" zuwa wani taro na kwana uku a Dubai, amma sai na biya kuɗin rajista da na jirgi. Ta yaya zan bambance shiri na gaskiya da na cin kuɗi?

AMSA: Malama, tambaya ta farko ita ce ko kin nemi shiga. Idan ba ki cika fom ba, ba a yi miki ganawa ba, ba a tuntuɓi wanda ya san aikinki ba, to ba zaɓenki aka yi ba, tallar tikiti aka yi miki. Taron yana iya kasancewa da gaske za a yi shi, har a ba ki kambu da hoto a gaban tuta, amma lambar yabon da kowa zai samu in ya biya kuɗinta kaya ce ta sayarwa.

Sanannun shirye-shirye ba sa karɓar kuɗin neman shiga. Shirin YALI na horar da matasan Afirka shugabanci, wanda Shugaba Barack Obama na Amurka ya ƙaddamar a 2010, ya fara kai matasa Amurka a ƙarƙashin Mandela Washington Fellowship a 2014 da mutum 500, 'yan shekara 25 zuwa 35, su yi mako shida a jami'o'i, daga baya kuma aka buɗe masa cibiyoyin yanki a Accra da Dakar da Nairobi da Pretoria. Gidauniyar Tony Elumelu ta fara nata a 2015 da alkawarin dala miliyan 100 domin 'yan kasuwa 10,000 cikin shekara goma, kowanne da jarin dala 5,000 bayan horo. Gidauniyar Mo Ibrahim kuwa 'yan ƙalilan take ɗauka, ta ajiye kowanne shekara guda a ofishin shugaban wata babbar hukuma irin Bankin Raya Afirka. Makarantu masu cikakken karatu, irin African Leadership Academy da ta buɗe a Johannesburg a 2008, lissafinsu daban ne, domin kuɗin makaranta ne a bayyane tare da tsarin tallafi. Ki kuma tabbatar shirin da kike so yana nan da ransa a shekarar da kike nema, domin tun da gwamnatin Amurka ta rushe USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, a 2025 ayyuka da yawa da suka dogara da kuɗinta sun tsaya ko sun ragu.

Ko shiri na gaskiya ma sai kin auna ko ya dace da ke. Ki nemi mutum biyu da suka yi shi shekara uku da suka wuce, waɗanda hotonsu ba ya cikin takardun talla, ki tambaye su abin da suke yi yau wanda a can suka koya, da kuma wanda ya neme su bayan sun dawo. Ki tambayi yadda ake koyarwa, domin yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A birnin Lome na ƙasar Togo an raba ƙananan 'yan kasuwa 1,500 gida uku: wasu aka koya musu darussan kasuwanci na al'ada, wasu aka horar da su a kan himma da fara abu ba tare da jiran umarni ba, wasu ba a ba su horo ba. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna ribar rukunin himma ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta rukunin darussan al'ada kuwa da kashi 11, wanda bai kai a tabbatar ba sa'a ba ce. Shirin da zai sa ki kawo matsalar ƙungiyarki ta gaske ki yi aiki a kanta, a duba, a gyara miki, ya fi wanda manyan mutane za su yi ta jawabi kina tafi. Kuɗin jirgin Dubai kuma zai saya wa yaranki littattafan shekara guda.

TAMBAYA: Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, na yi ritaya a Sakkwato. Shekara da shekaru ina jin ana kwasar yaranmu zuwa ƙasashen waje a koya musu shugabanci. To ina shugabannin? Har yanzu tsofaffi ne ke mulki, talauci kuma bai ragu ba. Ba asarar kuɗi ake yi ba kuwa?

AMSA: Ranka ya daɗe, a ganina kana da gaskiya a rabin maganar, kuma masu shirye-shiryen ne suka jawo wa kansu wannan tuhuma. Wanda ya rubuta a takardarsa cewa zai "sauya nahiyar Afirka" da horon mako shida bai kamata ya ji haushi ba idan aka tambaye shi inda sauyin yake. Nahiyar tana da mutum sama da biliyan 1.4, rabinsu ba su kai shekara 20 ba, saboda haka ɗaruruwa ko 'yan dubbai a shekara ɗigo ne a cikin kogi.

Inda zan saɓa da kai shi ne batun lokaci. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma adalci ya nuna kada a yi saurin zaginsa shi ma. Ka dubi Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921. Sardauna Ahmadu Bello ya kammala a 1931, bai zama Firimiyan Arewa ba sai 1954. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita a 1933, ya zama Firayim Minista a 1957. Da wani mai auna tasiri ya je a 1940, malaman makaranta da ma'aikatan En'e kawai zai tarar, ya rubuta cewa kwalejin ba ta fitar da shugaba ko ɗaya ba. Haka makarantar William Ponty ta Senegal, wadda Hamani Diori na Nijar da Modibo Keita na Mali da Félix Houphouët-Boigny na Ivory Coast suka bi ta cikinta. Rukunin farko na matasan da aka kai Amurka a 2014 shekara goma da 'yan kai ke nan da dawowarsu.

Amma kada mu yi wa misalin Katsina kwalliyar da ta wuce gaskiya, domin tambayar da na yi wa mai wasiƙar farko tana nan a kansa. Masu ilimin boko a Arewa a wancan zamani 'yan ƙalilan ne, an kuma tsinto su ne a hankali daga larduna, wasunsu 'ya'yan gidan sarauta kamar Sardauna. Da lokacin mulkin kai ya zo, kujeru suka buɗe, kusan babu wasu da za a ɗora sai su. Nawa ne aikin kwaleji, nawa ne aikin zaɓe, nawa ne aikin zamani? Rabawa tana da wuya, amma abu ɗaya ya fito fili, wato an horar da su kuma ƙofa ta buɗe musu. Matasan yau an horar da su, ƙofar ce ba ta buɗe sosai ba. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2018 ta rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ta majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, amma a 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na majalisar wakilai miliyan 10, PDP kuma ta sayar da na shugaban ƙasa miliyan 40. Ko da rangwamen da aka yi wa matasa, babu darasin shugabanci da ke biyan wannan kuɗi, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa horo laifin abin da ba ya hannunsa.

Shi ya sa na fi ganin ƙimar shirin da ya ɗaure horo da kujerar aiki. A Laberiya, zamanin Shugaba Ellen Johnson Sirleaf, an fara wani shiri a 2009 da ke ɗaukar matasa masu digiri ya ajiye su shekara biyu a ma'aikatun gwamnati, kowanne da babban ma'aikaci mai kula da shi. Irin wannan yana da sauƙin aunawa, domin ana iya ƙirga nawa suka zauna a aikin gwamnati bayan shekara biyar, wane mataki suka kai, kuma ko sashen da suke riƙe da shi yana fitar da aikinsa a kan lokaci. Kai da ka san fayil da yadda yake kwana a tebur ka fi ni sanin cewa ƙasa tana tafiya ne a kan daraktoci da akantoci da sakatarorin ƙananan hukumomi, waɗanda ba a jin sunansu a rediyo.

Abin da nake so masu shirye-shiryen su koya daga Gidauniyar Mo Ibrahim shi ne ƙarfin halin cewa babu. Kyautarta ta dala miliyan 5 ga tsohon shugaban ƙasa da ya yi mulki nagari, wadda Joaquim Chissano na Mozambik ya fara samu a 2007, Mahamadou Issoufou na Nijar kuma ya samu ta 2020, an sha rufe shekara ba a ba kowa ba, kamar 2009 da 2010 da 2012 da 2013. Ban cika ganin rahoton shirin matasa da ya ce rukunin bana bai yi abin kirki ba.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce a Damagaram. A unguwarmu akwai wata matashiya da ke riƙe da asusun mata sama da ɗari ba a taɓa jin kanta da kowa ba, amma ba ta jin Faransanci ko Turanci. Irin waɗannan shirye-shirye ba sa ganin irinta. Shin masu aunawa suna duba wannan?

AMSA: Malama, ya kamata su duba, yawanci kuwa ba sa yi. Ma'aunan da OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ta tsara a 1991 domin auna ayyukan raya ƙasa, waɗanda aka sabunta a 2019, na farkonsu shi ne dacewa, wato ko aikin ya amsa buƙatar mutanen da aka ce dominsu aka yi shi. Shirin Mandela Washington ya sharɗanta iya Turanci, cibiyar YALI ta Dakar da Faransanci ta riƙa koyarwa, kuma kusan dukkansu ta intanet ake neman shiga, da rubutun da mutum zai yabi kansa da kansa, abin da tarbiyyar da yawa daga cikin 'ya'yanmu ta hana. Wannan rariya tana tace mutane tun kafin alƙalai su ga sunan kowa. Yarjejeniyar Matasan Afirka da aka amince da ita a Banjul a 2006 ta ce matashi shi ne ɗan shekara 15 zuwa 35, ba ta ce sai mai jin harshen Turawa ba.

Saboda haka shafin farko na duk rahoton auna tasiri ya kamata ya nuna su wa suka nema, su wa aka ɗauka, daga wane yanki, birni ko ƙauye, maza nawa mata nawa, da wane harshe aka yi musu ganawa. Idan wata ƙungiya ta zo garinku da irin wannan shiri, ki tambaye su ko suna karɓar sunan da jama'a suka gabatar maimakon wanda ya gabatar da kansa, ko za a iya yin ganawar da Hausa, ko kuma za su yarda su duba littafin asusun matan a matsayin hujja. Idan sun amince, ki raka ta da littafin da biyu daga cikin matan da ke zubi.